Baffa da Kwalin da Ya Jiƙe

Baffa ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa na Gyaɗi-Gyaɗi. Bayan azahar aka kai shi maƙabartar Tarauni. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ƙanin mahaifina ne. Tun da mahaifina ya rasu, shi ne ubana.

Gidan ya cika. Maza a ƙofar gida kan tabarmi, mu mata a tsakar gida, kowa da abin da ya tuna. Maƙwabciyarsu ta ce yanzu wa za a kai wa takardar gwajin jini ya duba, ya ce "je ki ga likita yau ɗin nan" ko ya ce "kwantar da hankalinki"? Wani mai sayar da ƙanƙara ya taso tun daga Unguwa Uku. Aka ce ya zauna a waje yana share hawaye da hularsa, yana cewa shekara da shekaru Baffa na kushe masa ƙanƙara, amma bai taɓa saye a wurin wani ba. Babban ɗan Baffa ya kasa amsa gaisuwa, sai dai ya ɗaga kai ya sauke. Inna, matar Baffa, ba ta yi kuka ba. Tana zaune a ɗakinta da carbi. Wajen la'asar aka ɗauke wuta, sai ta juya ta kalli firijin da ke lungun ɗakin ta ce, "Yau babu mai tashi ya taɓa ka." A nan mata suka fashe da kuka.

Ana cikin haka Dakta ta shigo. Yanzu farfesa ce, amma ni Dakta na san ta, tun tana ƙaramar likita mai bincike a ɗakin gwaje-gwajen da Baffa ya yi aiki, inda ni ma nake wanke kwalabe har yau. Ta durƙusa gaban Inna ta yi gaisuwa, sannan ta ce, "Inna, Baba mutumin kirki ne. Abin da ya faru tsakaninmu kuwa, wallahi na yafe masa tuntuni, duniya da lahira."

Inna ta ce, "Allah ya saka miki. Ɗan'adam ne. Kuskure ɗaya ya yi, shi ya ci masa aikinsa."

Ina bakin ƙofa riƙe da butar baƙi. Na ajiye ta na fita. An yafe wa Baffa laifin da bai yi ba, a gaban matarsa, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba. Ni na yi laifin. In na ci gaba da yin shiru, da wannan sunan za a riƙa tuna shi.

Ga yadda na san shi.

Tarin fuka ya shiga gidanmu a Tarauni. Ya ɗauke mijina da 'ya'yana biyu, ya bar ni da 'ya ɗaya da haƙarƙari a waje. Mutane sun daina shan ruwa a kofinmu. Baffa ne ke zuwa kullum da safe a kan tsohon babur ɗinsa kafin ya wuce aiki. Ya miƙo mini ƙwayoyin magani, ya tsaya a kaina. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Haɗiye, Uwata."

"Na haɗiye."

"Buɗe bakin in gani."

Wata shida yana haka. Ran da na ce na gaji, a bar ni in bi su, bai lallashe ni ba. Cewa ya yi, "To ki faɗa mini wanda zan kai wa 'yarki, in wuce da ita yanzu." Na karɓi maganin.

Da na warke na shiga sayar da ƙanƙara da zoɓo a kasuwar Tarauni. Na iya sana'ar. Na san yadda ake naɗe ƙanƙara a buhu ta wuni ba ta narke ba. Daga baya Baffa ya samo mini aikin shara da wankin kwalabe a wurinsu. Aikin wucin gadi ne, wanda in an ce miki gobe kada ki zo, shi ke nan. Ban shiga aji ba ko na rana ɗaya. Rubutu a jikin kwalba, ni da zanen lalle duk ɗaya ne a wurina.

A wurin aiki Baffa wani mutum ne daban. Shi ne mai kula da firiji da firiza, kuma ɗalibai Sarkin Sanyi suke ce masa a bayan idonsa. Ya sani, bai damu ba. Safe da yamma zai duba ma'aunin sanyi ya rubuta a takardar da ya manna a murfin. In ɗalibi ya buɗe firiji ya tsaya yana dube-dube, daga can ƙarshen ɗaki za ka ji muryarsa: "Malam, rufe. Ba taga ba ce." Ko ya ce, "Ka gama tunaninka tukuna, sannan ka buɗe." Ni kuwa doka ɗaya ya kafa mini: in share ko'ina, in wanke komai, amma kada hannuna ya taɓa firiji.

Wani lokaci za a kawo 'yar kwalba daga ƙasar waje, ba ta kai ɗan yatsana ba, da ɗan ruwa a gindinta kamar hawaye biyu. Baffa zai zauna ya rarraba ruwan nan a ƙananan kwalabe ashirin ko fiye, ɗigo ɗigo, ya jera su a firiza, don kowace a narkar da ita sau ɗaya tak. In yana wannan aikin ko shugaban wurin ne ya yi sallama, sai ya gama yake amsawa. Na taɓa tambayarsa mene ne wannan da ake yi wa ladabi haka.

Ya ce, "Uwata, in cuta ta shiga jiki, dakarun da ke cikin jini sukan aika wa juna saƙo, ku taho an shigo mana. Saƙon nan wani ɗan abu ne a cikin jinin, ido ba ya ganinsa. Dakta so take ta san yawansa a jinin masu tarin fuka. Wannan ruwan kuwa sunansa antibodi. Shi ke gane saƙon ya cafke shi. Ko abu dubu ne a cikin jinin, shi kaɗai zai kama."

Na ce, "Ta yaya ake sanin ya kama?"

Ya nuna mini wani farantin roba mai ƙananan ramuka a jere. Ya ce antibodi biyu ne ke aiki tare. Ɗaya na manne a ƙasan ramin, shi ke riƙe saƙon. Na biyu ya zo ya hau kai, shi ne mai ɗauke da abin da ke kawo launi. In saƙon na da yawa, ramin ya yi shuɗi sosai. In kaɗan ne, shuɗin ya yi fari-fari. Na tsaya ina kallon farantin. Ashe duk watannin da na yi a kwance jinina kiran agaji yake yi, ni ban ji ba.

Abin da bai faɗa mini ba, don ba aikina ba ne, shi ne ba kowane antibodi ke son daskarewa ba. Wasu a firiza suke zama. Mai kawo launin nan kuwa firiji kawai yake so. In ya daskare ya narke, ya sake daskarewa, ya mutu.

Dakta ta shekara tana tara jinin marasa lafiya, kaɗan kaɗan, don wasunsu ba su da jinin bayarwa. Wasu ma sun rasu kafin shekarar ta ƙare. Ta yi wata huɗu tana jiran kwalin antibodinta. Da ya iso Baffa da kansa ya sa shi a firiji, a hawa na biyu, ya ce ko ƙuda kada ya sauka a kai.

Ranar wata Juma'a Baffa ya tafi ƙauye ɗaurin aure, sai Litinin zai dawo. Maza sun tafi masallaci, daga can kowa ya wuce gida. Ni ce ta ƙarshe, ni ke rufe ƙofa. Tun safe babu wuta, janareta kuma ya lalace. Na wuce ta gaban firiji na ji shiru. Na karya dokar Baffa, na buɗe na sa hannu. Sanyin ya fara gudu. Na buɗe firiza, ita kuwa har yanzu ƙanƙara ce fal a jikinta.

Duk matar da ta yi sana'ar ƙanƙara ta san abin yi. In wuta ta tafi, abu mai daraja sai a mayar da shi inda ya fi sanyi. Kuma ai na sha ganin Baffa na jera 'yan kwalabensa a firiza. Na ɗauko kwalin Dakta, na naɗe shi a buhu yadda na saba, na cusa shi can ƙasan firiza, na rufe. Na tafi gida ina jin na yi abin kirki. Asabar da Lahadi wuta ta yi ta zuwa tana tafiya. Litinin da sassafe na zo kafin kowa, na kwance buhun, na mayar da kwalin hawa na biyu. Na yi niyyar in faɗa wa Baffa in ya shigo, ya yi mini faɗan taɓa firiji, sannan ya sa mini albarka.

Kafin ya iso Dakta ta riga ta fitar da jinin duka ya narke. Baffa ya shigo, ko hula bai cire ba ya ɗauki kwalin ya juya shi.

Ya ce, "Dakta, kwalin nan ya jiƙe. Dubi takardar jikinsa ta tattare. Ban yarda da shi ba. A gwada layi ɗaya na ramukan farantin tukuna."

Ta ce, "Baba, na'urar da ke karanta launin aro ce, gobe za a zo a ɗauke ta. Gumin firiji ne kawai, ai an ɗauke wuta."

"Layi ɗaya, Dakta. Awa huɗu ne."

"Ba ni da awa huɗu, Baba. Ka bar ni in yi aikina."

Ina bakin famfo ina wanke kwalabe. Taku uku ne tsakanina da su. Da na ji yadda muryar Baffa ta canza, sai na gane abin da na yi ba gwaninta ba ce. Da na buɗe baki a lokacin, da jinin nan bai salwanta ba. Tsoro ya kama ni. Na ƙara buɗe famfo don kada a ji numfashina.

Faranti huɗu ta yi a ranar, jinin duka ya shiga. Wajen la'asar aka zuba ruwan ƙarshe aka jira shuɗi. Bai zo ba. Wani ɗan dishi-dishi ne ya fito, kamar ruwan ɗaurayar shuni na biyar. Har ramukan da aka san dole su yi shuɗi ba su yi ba. Dakta ta zauna a ƙasa da farar rigarta. Ba ta yi ihu ba. Cewa kawai take yi, "Mutanen nan sun mutu fa. Ina zan samo jininsu?"

Washegari Baffa ya kira ni bayan ginin, gindin darbejiya. Ya buɗe tafin hannunsa. Zaren buhu ne guda ɗaya.

"A murfin kwalin na same shi. Wannan naɗin 'yan ƙanƙara ne."

Na ce, "Ni ce."

"Na sani. Da kin bar shi, Uwata, da babu abin da zai same shi. Firiji a rufe yana riƙe sanyinsa, kuma ɗan ɗumi ba ya kashe shi. Daskarewa ce ta kashe shi."

Na ce zan je in faɗa wa Dakta. Ya ce ban isa ba. Na ce ai ni na yi. Ya ce, "Ke korar ki za a yi. Ni matsar da ni za a yi. Wa zai ciyar da 'yarki, darbejiyar nan?" Na ce ban roƙe shi ya ɗaukar mini kaya ba. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Ya ce, "Ba ki roƙa ba. Ni na kawo ki cikin kwalabe ban koya miki karanta su ba. Na ce kar ki taɓa, ban ce miki don me ba. Wuce ki kama aikinki."

Aka kafa kwamiti. Aka tambaye shi yadda aka yi. Ya ce, "Firiji a hannuna yake. Na yi tafiya ban bar wa kowa amanarsa ba." Bai yi ƙarya ba. Sauran ne dai bai faɗa ba. Bai ambace ni ba, bai kuma ce ya nemi a gwada layi ɗaya an ƙi ba. Aka ba shi takardar tuhuma, aka mayar da shi sito, wurin ajiyar tsintsiya da sabulu da safar hannu. Shugabancin ɗakin da kowa ya san nasa ne aka bai wa wani da shi ya koya wa riƙe kwalba. A siton ya yi ritaya. Dakta kuwa sai da ta sake shekara biyu kafin ta tara wani jinin.

Wata biyu ban yi masa magana ba. Haushinsa nake ji, don na kasa kallon idonsa. Ran nan da yamma sai ga babur ɗinsa a ƙofar gidana a Tarauni, ya ɗauro yankakkun kwalaye a baya. Ya ce, "Shimfiɗa tabarma. Yau za ki san baƙi." Da lambobi ya fara. Ya nuna mini jikin kwali: in na ga biyu zuwa takwas, firiji ke nan. In na ga ɗan layi a gaban ashirin, firiza. Sai da na iya wannan kamar sunana, sannan muka shiga haruffa. Daga baya kullum bayan azahar nake zuwa sito, ya kifa bokiti in zauna. Ba shi da haƙurin koyarwa. In na yi kuskure sai ya ce, "Uwata, kanki ma a firiza kika sa shi?" Shekara uku muka yi. Rubutun nan da kuke karantawa, a bayan kwalin safar hannu na koye shi.

Ban manta da abin da ya sha a gida ba, don a gabana aka sha yi. Inna mace ce mai faɗin abin da ke ranta. In aka ƙara wa mijin wata girma, ko abokin aikinsa ya sayi mota, sai ta ce, "Ga namu nan, Sarkin Sanyi, yana gadin tsintsiya." Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Ai tsintsiya ba ta narkewa, Hajiya. Na huta." Ina zaune, ina cin tuwon gidan. Ban ce komai ba.

Zan iya cewa umarninsa na bi. Gaskiya ne, amma ba duka ba. Shirun ya yi mini daɗi. Aka tabbatar mini da aikin, 'yata ta yi karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya a Hotoro, kuma yau ni ce mai rubuta sanyin firiji a takardar murfin, safe da yamma. A kan kujerarsa nake tsayawa in duba na sama. Sau biyu na sake tayar masa da maganar, na ƙarshe yana kwance. Ya ce, "Ke dai ba kya gajiya. Ba ni ruwa."

Ranar sadakar uku Dakta ta dawo. Na jira har mata suka ragu, ya zama daga ita sai Inna a ɗakin. Na shiga na durƙusa.

Na ce, "Dakta, yafiyar da kika yi shekaranjiya, ba Baffa za ki yi wa ba. Ni na ɗauke kwalinki na sa a firiza. Ni na mayar da shi. Ina tsaye kuna magana na yi shiru. Ya sani, ya hana ni faɗa. In korata za a yi, a kore ni."

Dakta ta dube ni. Na zaci zagi zai biyo baya. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ya ce in gwada layi ɗaya. Na ƙi. Da na gwada, antibodin kawai za mu rasa, jinin yana nan. Ban faɗa wa kwamiti ba. Na yi ta jira shi ya faɗa, bai faɗa ba. Da shekaru suka tafi sai na mayar da abin laifinsa, har na yarda da hakan."

Inna ta ajiye carbinta. Ta dube ni, ta dubi Dakta.

Ta ce, "To. Ku biyu ke nan. Ni ce ta uku, da bakin nan nawa." A nan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar Talata.

Na roƙi Inna ta yafe mini. Ta ce yafiyar ba a hannunta take ba, mai ita ya tafi, kuma ga alama ya riga ya bayar tun ba a tambaye shi ba. Sannan ta ce, "Tunda ya ɓata shekara uku yana koya miki rubutu, sai ki rubuta. 'Ya'yansa su karanta. A kai wurin aikin nasu su ma su karanta." Dakta ta ce ita za ta karanta shi da bakinta a gaban ma'aikata, kuma in sa nata a ciki, kada in rage.

Ban rage ba. Har yau in na gaishe da Inna tana amsawa, amma ba ta ƙara komai a kai. Ban ga laifinta ba.

Ga abin da nake so a riƙe. Mutumin nan ya yi aikinsa tun daga farko har ƙarshe bai lalata kwalba ko ɗaya ba. Kwalin da ya jiƙe, ni na naɗe shi a buhu na sa a firiza, ranar Juma'a, yana ƙauye. Duk wanda ya taɓa jin labarin ta wata fuska, ya gyara.

Allah ya jiƙan Baffa, ya kyautata makwancinsa, ya yafe mana mu da muka yi shiru.